Boulenger, Mutumin da Ya Rubuta Rajistar Kifayenmu Daga Landan

Duk ɗalibin ilimin dabbobi da ya taɓa buɗe littafin kifayen Nijeriya, ko a Aliero yake karatu ko a Birnin Kebbi ko a Gusau, ya san cewa a bayan kowane sunan kimiyya ana rubuta sunan mutum da shekara, wato wanda ya fara bayyana wannan halitta a rubuce da lokacin da ya yi hakan. Idan ya bi jerin kurungun da ake kamawa a Kogin Kwara da Tafkin Kainji, irin wanda Sarkawa suke saukewa a bakin ruwan Yauri, zai ga suna ɗaya yana ta maimaituwa: Synodontis ocellifer, Boulenger, 1900, Synodontis eupterus, Boulenger, 1901, Synodontis budgetti, Boulenger, 1911. Idan ya koma ɓangaren macizai da ƙadangaru da kwaɗi, nan ma sunan ne zai tarar. Mafi yawan ɗalibai haddace shi suke yi don jarrabawa su wuce, alhali rayuwar mai wannan suna tana ɗauke da bayanin abin da ya sa sanin halittun ruwanmu ya tsaya inda ya tsaya a yau, da kuma inda giɓin yake.

An haifi George Albert Boulenger a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam ranar 19 ga Oktoba, 1858. Ya yi karatun kimiyyar halittu a jami'ar birnin, sannan ya fara aiki a gidan adana halittu na ƙasarsa, inda ya mayar da hankali ga kwaɗi da dabbobi masu jan ciki da kifaye. A 1880, Albert Günther, Bajamushen da ke shugabantar sashen dabbobi a gidan adana kayan tarihi na Birtaniya, ya gayyace shi Landan don ya tsara kundin kwaɗin da aka tara a can. Daga wannan gayyata bai bar gidan ba sai a 1920. A cikin waɗannan shekaru 40 ya fitar da kundin ƙadangaru mai juzu'i 3 tsakanin 1885 da 1887, da na kunkuru da kada a 1889, da na macizai mai juzu'i 3 tsakanin 1893 da 1896, sannan da littafin kifayen Kogin Nilu a 1907, kafin ya kammala babban kundin kifayen koguna da tafkunan Afirka mai juzu'i 4 daga 1909 zuwa 1916. Jimillar sababbin nau'o'in da ya bayyana ta haura 2,000, kuma fiye da 1,000 daga cikinsu kifaye ne. An zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Ingila a 1894. Da ya yi ritaya sai ya koma ƙasarsa ya shiga nazarin furen wardi, ya rasu a garin Saint-Malo na Faransa ranar 23 ga Nuwamba, 1937.

Adadin yana da ban mamaki, amma ba ya nuna wa mai karatu irin aikin da ake magana a kai. Aikin na zama ne a kan teburi, da haƙuri irin wanda kaɗan daga cikin mutane suke da shi. Ana kawo kifi a cikin kwalba cike da sifirit, launinsa ya riga ya koɗe, jikinsa ya ƙage. Mai bincike zai fito da shi ya shimfiɗa, ya auna tsawonsa, ya auna kai ya ga sau nawa zai shiga tsawon jiki, ya auna faɗin ido, ya ƙirga ƙayoyin fiffiken baya ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga ɓawon da ya jeru daga bayan kai zuwa gindin wutsiya. Idan kurungu ne, wanda ba shi da ɓawo, sai ya buɗe bakin ya ƙirga siraran haƙoran leɓen ƙasa, ya duba ko gashin bakin yana da rassa, ya kalli siffar ƙashin da ya fito a bayan kai sama da ƙayar gefe. Idan maciji ne, sai ya ƙirga layukan ɓawon da suka kewaye tsakiyar jiki, da faffaɗan ɓawon ciki tun daga maƙogwaro har zuwa mafitar kashi, da na ƙarƙashin wutsiya. Bayan haka ya kwatanta abin da ya samu da duk abin da aka taɓa rubutawa a Turanci da Faransanci da Jamusanci da Latin. In bai dace da kowanne ba, sai ya ba shi suna, ya rubuta siffarsa, kuma wannan kifin da ke gabansa ya zama samfurin asali, wanda za a ajiye har abada, duk mai gardama kan wannan suna sai ya koma gare shi. Abin da ya fifita Boulenger a kan takwarorinsa shi ne ya shirya tambayoyin tantancewa a jere, ta yadda wanda bai taɓa ganin kifin ba zai iya bin su, wannan siffa ko waccan, har ya iso ga sunan da ya dace. Littattafan da ake koyar da 'ya'yanmu da su yau a kan wannan tsari suke tafiya.

Dole ne kuma a faɗi ta hanyar da kwalaben suke isa gare shi. Shekarun da ya fi yin rubutu kan kifayen Afirka su ne shekarun da Turawa suke mamaye nahiyar. Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Ingilishi a 1903, daidai lokacin da sunayen kurungunmu suke fitowa daga alƙalaminsa. Likitocin mulkin mallaka da sojoji da 'yan mishan da matafiya ne suke tattaro halittun suna aikawa. Kifayen Kwango da ya rubuta littafi a kansu a 1901 sun zo ne ta hannun gwamnatin Sarki Leopold na Biyu, wadda zaluncin da ta yi wa mutanen wannan ƙasa ba ɓoyayye ba ne. Daga Nijeriya, likita William John Ansorge ya aika masa da kifaye masu yawa daga yankin da Kwara ta shiga teku, shi kuma ya saka masa da sanya sunansa a kan wasu daga cikinsu. Wanda ba a rubuta sunansa ba shi ne masuncin da ya shiga ruwa ya kamo kifin, ya kuma gaya wa Baturen inda ake samunsa da watan da yake fitowa. Wannan rashi yana damuna, domin bayan rashin adalcin da ke ciki, ilimin kansa ya yi asara: takardar da ke manne da kwalba sau da yawa ba ta wuce sunan kogi da sunan wanda ya aiko ba.

Nan ne iyakar Boulenger take. Ya san gawar kifi fiye da kowa a zamaninsa, amma kwalba ba ta gaya masa yadda kifin yake rayuwa. Masuncin Argungu ko na Yauri ya san cewa gaiwa tana shigewa cikin laka idan fadama ta ƙafe, ta naɗe kanta ta yi watanni tana jiran ruwa, har mutane suke cewa jikinta take ci, kuma bincike ya tabbatar da cewa naman jikinta ne yake riƙe ta a wannan zama. Ya san balli yana share wuri cikin ciyawa ya yi sheƙa da damina, ya san yauni yana tsare sheƙarsa kuma yana cizon wanda ya matso, ya san akwai kurungun da yake iyo a rigingine, ya san kukan da yake yi idan an fito da shi daga ruwa. Sai da wani matashin masani, John Samuel Budgett, ya zauna da masunta a Kogin Gambiya kafin Turai ta sami bayanin sheƙar gaiwa da ta balli da ta yauni. Budgett ya ƙarasa bincikensa a kudancin Nijeriya a 1903, inda ya yi nasarar ganin yadda ƙwan kifin Polypterus yake girma, ya koma Ingila da zazzaɓi, ya rasu a farkon 1904 yana ɗan shekara 31. Don tunawa da shi ne Boulenger ya sa wa ɗaya daga cikin kurungun Kwara sunansa. Shi kuwa yauni sai a 1951 Hans Lissmann ya gano a Kambirij cewa yana fitar da lantarki mai rauni ba dare ba rana, daga baya kuma ya nuna cewa da shi yake gane abin da ke kewaye da shi a cikin gurɓataccen ruwa, ba kamar minjirya ba wadda take amfani da nata don bugu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya karantawa a jikin kifin da ya mutu.

Mai karatu zai iya cewa, to, tunda masunci ya riga ya san kifinsa, me ƙirgar ƙayoyi ta ƙara masa? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ta fi fitowa fili a ɓangaren macizai.

Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa, ita ce macijiyar da ta fi kashe manoma da makiyaya a dazuzzukan Arewa. Ƙarama ce, da ƙyar take kai tsawon hannu, launinta ya saje da ƙasa, kuma idan ta ji motsi sai ta naɗe jikinta tana goga ɓawonta na gefe da juna yana ba da sauti kamar ruwa ya zuba a kan garwashi. Dafinta yana cinye abin da ke sa jini ya daskare, shi ya sa wanda ta sara zai ga dasashinsa yana zubar da jini, tsofaffin raunuka su buɗe, wani kuma jinin ya tsiyaya a cikin kai ko cikin ciki bayan kwanaki, lokacin da 'yan'uwa suke zaton ya tsira. A kundin Boulenger, da ma shekaru da yawa bayansa, an ɗauki kububuwarmu a matsayin nau'i ɗaya da wata mai kama da ita da ke Indiya da ƙasashen Asiya, ana kiran su duka Echis carinatus. Sai a 1970 aka fara ware ta Afirka ta Yamma a matsayin reshe na wannan nau'i, daga baya ta zama nau'i mai zaman kansa da sunan Echis ocellatus. Wannan rabuwa ba gardamar malamai ba ce kawai. Allurar kashe dafi ana yin ta ne ta hanyar sa wa doki ko tunkiya dafin wani maciji kaɗan-kaɗan, sannan a tace abin da jinin dabbar ya ƙirƙiro don yaƙar wannan dafi. Idan macijin da aka yi amfani da dafinsa ba shi ne wanda ya sari majinyaci ba, allurar tana iya zama ba ta da wani amfani. Likita David Warrell da abokan aikinsa sun ga haka a Zariya a shekarun 1970, kuma daga baya an sake ganin mace-mace sun ƙaru a wuraren da aka shigo da allurar da aka yi da dafin macijin Indiya. Warrell da abokan aikinsa ne kuma suka yaɗa gwajin nan mai sauƙi da kowane ƙaramin asibiti zai iya yi: a ɗebi jinin majinyaci kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye ba a taɓa ba har minti 20, sannan a karkata ta, idan jinin ya zubo kamar ruwa, dafin ya kama jiki, allura ta zama dole. Allurar EchiTAb da ake amfani da ita a asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe an haɗa ta ne da dafin macizan Nijeriya, kuma wannan ne sirrin aikinta. Har yanzu maganar ba ta ƙare ba, domin a 2018 masanin Faransa Jean-François Trape ya sake ware kububuwar da ke gabashin yankin da sunan Echis romani.

Abin lura shi ne, da tsarin Boulenger aka gyara abin da Boulenger ya haɗa. Waɗanda suka zo daga baya sun koma ga samfuran da aka adana, sun sake ƙirga ɓawo, sun kwatanta da sababbi, sannan a zamaninmu aka ƙara da gwajin ƙwayoyin gado. Haka ya faru da kada: an daɗe ana ɗaukar kadan Afirka ta Yamma a matsayin na Kogin Nilu, sai binciken da aka wallafa a 2011 ya tabbatar da cewa nau'i ne daban, Crocodylus suchus. Ba domin an ajiye samfuran ba, da babu abin da za a koma a duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, tana ƙiyasta cewa yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, kuma manomin shinkafa a fadamar Kebbi da makiyayi a dajin Zamfara suna cikin waɗanda wannan ƙiyasi yake magana a kansu.

A ɓangaren kifi amfanin rajistar ya fi ɓoyuwa, amma bai gaza wancan ba. Giwan ruwa, wanda shi ne abin alfaharin bikin kamun kifi na Argungu tun da aka fara shi a 1934, wanda kuma a bikin 2020 aka fito da mai nauyin kilo 78, an kai shi Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950. A can ya yi ɓarnar da ba a taɓa gani ba: ya taimaka wajen ɓacewar nau'o'in ƙananan kifaye dangin karfasa kusan 200 da ba a samunsu a ko'ina sai a wannan tafki. Duniya ta san girman asarar ne saboda Boulenger da waɗanda suka gaje shi sun riga sun rubuta wani kaso na abin da ke cikin tafkin. Inda babu rajista, kifi yakan ƙare ba tare da kowa ya iya nuna cewa ya taɓa wanzuwa ba.

Mu kuwa ruwanmu ya canza ƙwarai a cikin shekaru 60 da suka wuce. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibirai da garuruwan Gungawa da na maƙwabtansu, aka sake wa dubban mutane matsuguni, kogi mai gudu ya zama tafki har zuwa Yauri. An gama ta Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978, ta Goronyo a kan Rima ta biyo baya a 1984. Yawancin kifayen wannan yanki da ambaliya suke hayayyafa: ruwan damina ya cika kogi ya malala cikin fadama, kifi ya bi shi ya zuba ƙwai a cikin ciyawa, 'ya'yan su girma a can, ruwa ya janye su koma kogi ko su maƙale a tafkunan rani. Idan madatsa ta rage ambaliyar ko ta sauya lokacinta, an taɓa tushen hayayyafar. Binciken da W. M. Adams ya yi a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori ya nuna cewa kamun kifi ya ragu tare da noman fadama, har masunta suka riƙa tafiya wasu wurare neman abinci. Ga kuma taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ko'ina ba, ga maganin feshi da ke gangarowa daga gonaki. Tsohuwar dokar Kabawa, wadda ta ba Sarkin Ruwa ikon rufe ruwa da buɗe shi a lokacin fashin ruwa, ita ce ta riƙe Matan Fada, ruwan da ake bikin Argungu a cikinsa, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016, amma ikon Sarkin Ruwa bai kai ga ƙofar madatsa ba.

Ba za a ce ba a yi komai ba bayan Boulenger. M. J. Holden ya yi nazarin kifayen da ke maƙalewa a tafkunan rani na Kogin Sakkwato, aka buga sakamakon a 1963. A 1967 William Reed da abokansa suka fitar da littafi kan kifaye da sana'ar su a Arewacin Nijeriya, wanda ya haɗa da sunayen gida. Cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa ta taso ne daga aikin nazarin Tafkin Kainji da aka fara a 1968, kuma daga garin ne Olaosebikan da Raji suka fitar da jagorar tantance kifayen Nijeriya a 1998. Waɗannan ayyuka ne masu daraja. Sai dai a ganina abin da muka fi sakaci da shi shi ne ainihin abin da ya sa aikin Boulenger ya rayu fiye da shekara 100, wato adana samfurin kansa. Ɗalibi yakan je kasuwa ya sayi kifi, ya duba hoto a littafi ya rubuta suna, ya kammala kundin digirinsa, kifin kuma ya ƙare a tukunya ko a juji. Idan ya yi kuskure wajen tantancewa, babu mai iya ganowa, kuma na bayansa zai kwafi kuskuren. Kurungu kaɗai a Tafkin Kainji ya fi nau'i 10, wasu sun yi kama da juna matuƙa, kuma idan ɗaya ya ɓace sauran suna nan, kwando zai ci gaba da cika, mai saye ba zai ga bambanci ba.

Jihar Kebbi tana da jami'ar Aliero da ta tarayya a Birnin Kebbi da ta aikin gona a Zuru, Zamfara tana da ta tarayya a Gusau. Ɗakin adana halittu ba ya buƙatar na'ura mai tsada: kwalabe ne masu murfi mai kyau, da sifirit, da kanta, da ma'aikaci ɗaya da aka ɗora wa alhakin duba su yana ƙara ruwan da ya ƙafe. Abin da za mu iya yi wanda Landan ba ta yi ba shi ne cika takardar da ke jikin kwalbar. A rubuta tafki ko mashigin da aka kama kifin, da ranar, da abin da aka kama shi da shi, ko homa ce ko birgi ko mamari ko gura, da sunan da Bakabe yake kiransa da wanda Basarke yake kiransa idan sun bambanta, da abin da masuncin ya ce game da abincinsa da lokacin ƙwansa, da sunan masuncin in ya yarda. A yanki ɗan fiffike a ajiye daban don gwajin ƙwayoyin gado, a ɗauki hotonsa tun launinsa bai koɗe ba, abin da kowace wayar hannu za ta iya yi yanzu. Wannan aiki yana da gaggawa ta fuska ɗaya: dattawan da suka yi su a Rima kafin a gina Bakolori da Goronyo, waɗanda za su iya lissafa kifayen da suka daina gani, sun manyanta, kuma jerin da ke kansu ba ya cikin kowane kundi.

Haka ma macizai. Bai kamata kowa ya bi maciji don ya kashe shi bayan sara ba, domin ta nan ake samun sara na biyu, kuma lokacin da aka ɓata ya fi amfani a hanyar asibiti. Amma sau da yawa 'yan'uwan majinyaci sukan iso da macijin a mace cikin buhu, a duba shi sau ɗaya a jefar. Da kowane babban asibiti a jihohin biyu zai ajiye irin waɗannan a kwalba, da sunan ƙauyen da watan da abin da ya sami majinyacin, jami'a kuma ta riƙa karɓa tana tantancewa, da cikin 'yan shekaru ma'aikatar lafiya ta san wane maciji ne yake sara a wace ƙaramar hukuma, ta kuma san irin allurar da ya kamata ta saya kafin faɗuwar damina.